Salamanda: Fatar da Ke Rayar da Ita Ce Ke Neman Ajalinta

Mutumin Kano ko na Maraɗi zai iya tsufa har ya ga jikoki bai taɓa ɗora ido a kan salamanda ba, domin daga bakin Sahara har ƙarshen Afirka ta Kudu babu ko guda a daji. In aka nuna masa hotonta zai ce ƙadangare ne ko kulɓa, tunda ga ƙafa huɗu, ga doguwar wutsiya, ga ciki yana jan ƙasa. Amma ba gidansu ɗaya ba. Jikin ƙadangare busasshe ne mai kaushi, yana da farata, ƙwansa yana da ɓawo. Salamanda kuwa 'yar uwar kwaɗo ce. Fatarta tsirara take, kullum a jiƙe, ƙwanta kuma yauƙi ne kawai ya lulluɓe shi. Hantsin da ƙadangare ke sha a kan katanga yana gyaɗa kai, ajali ne ga ƙaramar salamanda.

Masana sun ƙidaya nau'i kusan 800, adadin da bai taka kara ya karya ba in aka kwatanta da kwaɗi, waɗanda suka haura 7,000. Wanda ake kira niyut reshe ne a cikinsu, galibi mai ɗan kaushin jiki, mai raba shekararsa tsakanin tudu da tafki. Akwai na tsaunukan Meziko da ba su kai tsinken ashana tsawo ba, akwai kuma ƙatuwar nan ta kogunan Sin da takan kai mita 1.8, ta fi mutane da yawa tsawo. Wasu a kogo suke, wasu a kan bishiya, wasu ba sa barin ruwa har su mutu. Duk wanda ke son ya gane abin da ya haɗa su, ya fara da fata. Daga ita kusan komai ya samo asali: inda suke zaune, yadda suka yaɗu, yawansu, da irin mutuwar da ke binsu yanzu.

Da fata salamanda take numfashi. Siririya ce, ƙananan hanyoyin jini sun yi mata saƙa daga ciki, iskar oksijin tana narkewa a danshin da ke samanta ta wuce kai tsaye cikin jini, gurɓatacciyar iska kuma ta bi hanya guda ta fita. To amma ƙofar da iska ke shiga, ta nan ruwa ke fita. Halin randar ƙasa ke nan, tsatsafon da ke sanyaya ruwanta shi ne ke rage shi. Fatar da ta bushe ba ta numfashi, saboda haka rayuwar salamanda duka neman danshi ce: ƙarƙashin dutse, cikin ruɓaɓɓen gungume, tsakanin ganyen da ya zuba, da fita cikin dare bayan yayyafi.

Wani dangi daga cikinsu, Plethodontidae, ya kai abin maƙura. Nau'i wajen 500 ne, kusan kashi biyu cikin uku na dukan salamanda, kuma babu huhu a ƙirjinsu sam. Fata da rufin baki su ke nan. A 1920 Inez Wilder da Emmett Dunn suka kawo dalili, cewa kakannin wannan dangi a ƙoramun tsauni masu gudu suka rayu, inda huhu cike da iska ke sa dabba ta taso sama ruwa ya yi gaba da ita, marar huhu kuwa ta lafe a gindin dutse. An daɗe ana karantar da haka, daga baya wasu masana suka ja da shi, har yau ba a rufe maganar ba. Abin da ya fito fili shi ne ribar da suka ci. Kwaɗo da salamanda mai huhu da maƙogwaro suke tura iska ciki, shi ya sa kullum za ka ga wuyan kwaɗo yana motsi. Da aka sauke wa ƙasusuwan maƙogwaro wannan aiki, sai suka zama abin harba harshe. Akwai nau'in da ke cilla harshensa kusan tsawon gangar jikinsa, akwai wanda harbinsa ba ya kai kashi ɗaya cikin hamsin na sakan. Dabbar da tafiyarta take kamar ba ta so, ga ta da ɗaya daga cikin harsuna mafi sauri a duniya.

Jikin da fata ke ciyar da shi iska dole ya yi tsimi. Tsuntsu da ɓera mafi yawan abin da suka ci a ɗumama jiki yake ƙarewa. Salamanda ba ta da wannan ɗawainiya, kuma ko a cikin masu sanyin jini tana sahun masu ƙarancin buƙata. A 1975 Thomas Burton da Gene Likens suka buga sakamakon ƙidayar da suka yi a dajin Hubbard Brook da ke jihar New Hampshire a Amurka. Sun samu salamanda kusan 3,000 a kowace hekta, yawancinsu wata 'yar siririya mai jan layi a baya. Da aka haɗa nauyinsu, ya ninka na dukan tsuntsayen dajin sau biyu a lokacin da tsuntsaye suka fi yawa, ya kuma yi kunnen doki da na ɓeraye da jaɓa. Mai yawo a dajin da rana ba lalle ya ga ko ɗaya ba. Lissafinsu ya nuna cewa wajen kashi 60 cikin 100 na ƙarfin da salamanda ta samu daga abinci yana komawa nama da 'ya'ya, alhali na tsuntsu da ɓera ba ya wuce kashi 2 ko 3. Aikinta a daji ke nan: ta tsince ƙananan ƙwarin da tsuntsu ba zai ɓata lokacinsa a kansu ba, ta mayar da su loma mai tsoka ga maciji da tsuntsu da sauran masu farauta.

To me ya sa ba mu da ita? Amsar da ke fara zuwa baki ita ce zafi da rani, kuma da gaskiya a ciki. Kwaɗinmu sun iya rani. Su nutse cikin ƙasa su jira, ruwan farko na sauka su fito su cika dare da kuka, talibambam ɗinsu ya yi ƙafa cikin 'yan makonni kafin kududdufi ya ƙafe. Salamanda ba ta da wannan hanzari. Sai dai amsar ba ta cika ba, domin dazukan Kamaru da Kongo ba sa rabuwa da danshi, tsaunin Mambila ga sanyi ga hazo, amma babu ita, alhali ƙasashe masu zafi na Amurka ta Tsakiya suna da ɗaruruwan nau'o'i, har wasu sun gangara dajin Amazon. Ragowar amsar tana cikin tarihin ƙasa. Burbushin da aka fi ɗauka shi ne mafi tsufa a danginsu, Triassurus, a Kirgizistan aka tono shi, kuma an ƙiyasta shekarunsa miliyan 230. Sauran tsofaffin daga Sin da Kazakistan da tsibirin Skye na Sikotland suka fito. Duk arewa ne, a zamanin da teku ya raba dunƙulen ƙasar arewa da na kudu. Marasa huhu sun samu hanyar tsaunuka ta Meziko suka bi kudu, kuma yawancinsu sun riga sun daina buƙatar tafki: a tudu suke saka ƙwai, a nau'o'i da yawa uwa ta naɗe jikinta a kansu, ɗa ya ƙyanƙyashe da siffar manya. Ta ɓangarenmu kuwa ga Bahar Rum ga Sahara. 'Yan nau'o'in da Afirka ke da su a Maroko da Aljeriya da Tunisiya suka tsaya.

Amma ƙasa ta ɓoye wani labari. A In Beceten, cikin yankin Tawa a Nijar, an tono ƙasusuwan bayan wata dabba ta wannan dangi daga duwatsun da suka haura shekara miliyan 80. An samu irinta a Wadi Milk da ke arewacin Sudan, inda aka raɗa mata suna Kababisha a 1996. Wato ta taɓa zama a yankinmu lokacin da wurin yake gulabe da fadamu, sannan zuriyar ta ƙare ba magaji.

Dabbar da busasshiyar ƙasa ke yi wa katanga ba ta tafiya nesa. Wata salamanda takan ƙare rayuwarta a filin da bai wuce 'yan taku ba. Wannan zaman gida shi ya haifar da yawan nau'o'insu a tsaunukan Appalachia na gabashin Amurka, inda gandun Great Smoky Mountains kaɗai yake da wajen 30. Kowane kan tsauni mai sanyi tsibiri ne, kwarin da ke tsakani ya fi ƙarfinsu, sai zuriyar kowane tsauni ta kama gabanta har ta daina gane ta maƙwabta. A Kalifoniya an kama wannan rabuwa tana tsaka da faruwa. Robert Stebbins ya nuna a 1949 cewa salamandar Ensatina ta taso daga arewa ta rabu biyu, ta zagaye babban kwarin tsakiyar jihar, wanda ya yi mata bushewa. Wani reshe ya bi tsaunukan gaɓar teku, wani ya bi na ciki. A kan hanya maƙwabta suna barbara da juna, launi yana sauyawa kaɗan kaɗan, amma a kudu inda bakin zoben ya haɗu, da ƙyar ɓangarorin biyu ke kula juna. Binciken David Wake na baya ya nuna zoben yana da karaya da ɗori fiye da yadda aka zata, amma har yanzu da shi ake koya wa ɗalibai yadda nau'i ɗaya ke zama biyu.

Hayayyafarsu ma da abin kallo. A yawancinsu namiji ba ya hawa mace. Ɗan ƙunshin maniyyi yake ajiyewa a ƙasa ko a ƙasan ruwa, sannan ya yi ta kaɗa wutsiya yana tura mata ƙamshi har ya ja ta ta bi ta kai ta ɗauka. Macen niyut a tafkunan Turai ɗai-ɗai take saka ƙwanta, kowanne ta sa ƙafafun baya ta naɗe shi cikin ganyen ciyawar ruwa, ta yi ta yi har ɗari biyu ko fiye. Ɗan da ya fito yana da geza jajaye a gefen wuya, da su yake numfashi irin na kifi. Bayan watanni gezar ta shanye, fata ta sauya, ya hau tudu. Mai ba da umarnin wannan rikiɗa wani sinadari ne daga halittar nan ta gaban wuya, wadda kumburinta a jikin mutum shi ne maƙoƙo.

Wasu kuwa sun ƙi rikiɗar, kuma shahararrensu shi ne aksolotul na tafkunan birnin Meziko. Yana balaga, yana haihuwa, yana tsufa da gezarsa ta jarirai, ba ya barin ruwa. A 1864 aka kai guda 34 birnin Paris. Waɗanda suka shiga hannun masanin dabbobi Auguste Duméril suka hayayyafa, sai ga wasu daga cikin 'ya'yan a shekara mai zuwa sun zubar da geza sun hau tudu, sun zama wata dabba da kowa zai rantse nau'i dabam ce. A 1920 Julian Huxley ya ciyar da aksolotul wannan halitta ta wuya da aka ciro daga sa, shi ma ya rikiɗa. Wato tsarin yana nan a jiki, umarnin ne ba ya zuwa. Kuma in ka duba, da hikima a ƙin. Tafkin da ba ya ƙafewa, mai sanyi da abinci, kewaye da tudu mai wuyar zama, me za a fita nema? Irin wannan zama cikin siffar ƙuruciya ya ɓullo sau da dama a dangogin salamanda dabam dabam, abin da kwaɗi ba su taɓa yi ba.

Sarkin masu tsimi shi ne olm, mazaunin ruwan kogunan dutse a Sulobeniya da Kuroshiya da Bosniya. Fari ne sol, idanunsa sun shige ƙarƙashin fata, tsawonsa bai cika wuce santimita 30 ba. In ambaliya ta fito da shi, mutanen da sukan ce ɗan dodon da ke cikin dutse ne. Sai ya kai wajen shekara 15 yake balaga, mace takan saka ƙwai kusan sau ɗaya a shekara 12, kuma masana a Faransa sun ƙiyasta yana iya haura shekara 100. Yana jure shekaru babu abinci. A wani kogo a Bosniya an yi wa wasu alama, aka dawo aka tarar da ɗaya a wuri guda bayan shekara 7. A can saman tsaunukan Alps kuma akwai wata baƙa wuluk da ta warware matsalar ruwa ta wata hanya. Ciki take ɗauka, shekara 2 zuwa 3, ta haifi 'ya'ya biyu kacal da suka gama rikiɗa tun a ciki.

Abin da ya sa ɗakunan bincike suka riƙe aksolotul sama da shekara 150 shi ne toho. A yanke masa ƙafa, sabuwa za ta fito da ƙashinta da tsokarta da jijiyoyinta da yatsunta, babu tabo. Haka wutsiya da lakar da ke cikinta, haka muƙamuƙi, haka wani yanki na zuciya da na ƙwaƙwalwa. Lazzaro Spallanzani na Italiya ya rubuta labarin tohon ƙafar salamanda tun 1768. Kada a haɗa da wutsiyar tsaka, domin wadda tsaka ke mayarwa guringuntsi ne miƙaƙƙe a ciki, ba jerin ƙasusuwa irin na farko ba. A Japan, Goro Eguchi da abokan aikinsa sun riƙa cire wa wasu niyut ɓangaren idon nan mai tara haske, wanda yana ke rufewa a idon tsofaffi. Sau 18 suka cire cikin shekara 16, kuma na ƙarshen da ya tsiro bai bambanta da na ƙuruciya ba.

Ga yadda abin ke tafiya a ƙafa. Cikin 'yan sa'o'i fatar gefen rauni takan malalo ta rufe shi da wani siririn mayafi. Mu a wannan gaɓa jikinmu yake fara zuba tabo. Nata mayafin kuwa saƙo yake aikawa ga naman da ke ƙarƙashi, sai ƙwayoyin halittar wurin su koma kusan irin na ɗan tayi, su taru su yi wani ƙullutu a bakin dungun, wanda masana ke kira blastema. Daga shi ƙafa ke ginuwa, a ƙaramin aksolotul cikin wata ɗaya zuwa biyu, a manya da na tudu kuwa sai an yi watanni. Da sharuɗɗa. Tun 1823 Tweedy John Todd ya gano cewa in aka datse jijiyar da ke kai saƙo ƙafar, toho ba ya yiwuwa. A 2013 James Godwin ya nuna cewa in aka kawar da wasu ƙwayoyin garkuwar jiki masu share datti a rauni, aksolotul ma tabo yake yi kamar mu, ƙafar ta tsaya dungu. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne ƙwayoyin sun san inda suke. A yanke a wuyan hannu, tafi da yatsu kawai za su fito. A yanke a kafaɗa, hannu duka. Ba ƙari, ba ragi. Aikin ɗakin binciken Elly Tanaka a 2009 ya ƙara nuna cewa ba sa mance asalinsu ma: abin da ya fito daga tsoka, tsoka yake komawa.

Me ya sa su, ban da mu? An daɗe ana ɗaukar abin a matsayin wata baiwa ta salamanda ita kaɗai, amma shaidu sun karkata wani wajen. Gaiwar da masunta ke haƙowa daga busasshen taɓo da rani tana mayar da wutsiyarta da 'yan siraran fukafukanta in sun gutsure, kuma kifaye masu huhu irinta su ne mafi kusanci da dabbobi masu ƙafa huɗu. An kuma samu burbushin wata dabba a Jamus, Micromelerpeton, mai shekara wajen miliyan 300, da alamun ƙafar da ta sake tsirowa. Talibambam yana mayar da ƙafa, amma da ya zama kwaɗo sai abin ya gagare shi. Ke nan tsohon gado ne da wasu suka riƙe wasu suka saki. Ni dai ina ganin tsimin nan da muka faro da shi yana da hannu. Dabbar da za ta iya lafewa wata biyu a ƙarƙashin dutse ba ci ba sha tana da sararin jiran sabuwar ƙafa. Ɓeran da dole ya fita kiwo yau da dare, abin da ya fi masa shi ne rauni ya rufe da wuri ko da tabo. Don haka in ka ga kanun labari cewa an kusa tsiro wa mutum hannu, ka rage murna. A 2018 aka karance kundin gadon aksolotul, harafi biliyan 32, ninki goma na ɗan Adam, kuma har yanzu aikin fahimtarsa ake yi. Inda ake sa ran amfani nan kusa shi ne warkar da rauni da ƙuna ba tare da mummunan tabo ba.

Dabba mai laushi, marar gudu, marar farce, da me za ta kare kanta? Da fata dai. Niyut ɗin Sifen da Maroko in aka matsa masa yakan turo haƙarƙarinsa su huda fatarsa su fito, shafe da dafi, daga baya hujin ya warke. Amma gwanin dafi shi ne wani niyut mai ruwan ƙasa a baya da ruwan lemo a ciki, a yammacin Amurka ta Arewa. Gubarsa irin ta kifin fugu ce na Japan, tana toshe hanyar da saƙo ke bi a jijiya har numfashi ya tsaya. A 1979 wani mutum ɗan shekara 29 a jihar Oregon ya haɗiye guda a kan fare bayan ya sha giya, bai ga gobe ba. Wani masani, Edmund Brodie, ya tambayi abin da ya kamata: me ɗan wannan halitta zai yi da gubar da ta isa kashe mutane da yawa? Shi da ɗansa suka shafe shekaru a kai, amsar kuwa wani maciji ne mai layi-layi da ke cin niyut ɗin. A jijiyoyin macijin an samu ɗan sauyin da ke hana gubar kamawa sosai. Niyut mai ƙarin guba shi ke tsira ya haihu, maciji mai ƙarin juriya shi ke ƙoshi ya haihu, haka aka yi ta hawa. Inda macizai ba su da juriya, kamar tsibirin Vancouver na Kanada, niyut ɗin ma kusan ba shi da guba. Kuma banza ba ta kai zomo kasuwa: a wurare da dama macijin da ya fi juriya ya fi nawa wajen gudu, sai ya zama shi ma abin farauta.

Duk waɗannan dabaru sun yi aiki shekaru miliyoyi, amma ba a yi su don saurin da duniya ke sauyawa yanzu ba. Ƙididdigar da aka buga a 2023 ta nuna kashi 41 cikin 100 na kwaɗi da danginsu suna fuskantar barazanar ƙarewa, a cikin salamanda kuwa uku ne cikin biyar. Aksolotul ya cika shagunan dabbobi da ɗakunan bincike, hotonsa yana kan takardar kuɗin Meziko ta peso 50, amma a gidansa na Xochimilco, ragowar tafkin da ke kudancin birnin Meziko, labarin dabam ne. Masanan babbar jami'ar ƙasar sun ƙiyasta 6,000 a kowace murabba'in kilomita a 1998, zuwa 2014 saura wajen 36. Birni ya shanye tafkin, ruwan da ya rage ya gurɓace, karfasa da wani kifin da aka zuba don abinci suka cinye ƙwai da 'ya'ya. A Sin ana kiwon ƙatuwar salamanda miliyoyi don tukunya, amma masu binciken da suka duba wurare 97 suka buga sakamako a 2018, guda 24 kacal suka samu a daji.

Na baya-bayan nan ya fi ban tsoro, domin kai tsaye ta fata ya shigo. A Turai akwai wata baƙa mai ɗigon rawaya da ake kira salamandar wuta. Mutanen da sun yi imani wuta ba ta cin ta, mai yiwuwa don sukan ga ta fito da gudu daga gungumen da aka jefa a murhu, har Sarkin Faransa Francis na Ɗaya ya mayar da ita tambarinsa. Daga wajen 2010 aka riƙa tsintar gawarwakinta a wani daji a kudancin Holan, cikin shekara uku kashi 96 cikin 100 suka ƙare. A 2013 An Martel da abokan aikinta a Jami'ar Ghent ta Beljiyam suka gano mai laifin, wata funfuna ce da ba a san ta ba, aka sa mata sunan da ake taƙaitawa Bsal. Cin fatar take yi, ta bar gyambo ko'ina, dabbar ta mutu cikin mako biyu ko uku. Binciken da ya biyo baya ya kai ga Asiya, inda niyut ɗin can suka daɗe da zama da ita ba ta kashe su, kuma ta hanyar cinikin dabbobin ado ake kyautata zaton ta shigo. Tuni ta ɓulla a Beljiyam da Jamus da Sifen.

A keji maganinta ba wuya. Ba ta jure zafi, in aka ajiye dabbar a ma'aunin zafi na Salshiyas 25 tsawon kwana 10 takan warke. A daji kuwa babu mai ɗumama ƙorama, ga funfunar tana daɗewa a ƙasa, ga wasu nau'o'in niyut suna yawo da ita ba ta kashe su, saboda haka ko salamandar wuta ta ƙare a wuri, cutar ba ta ƙarewa. Shi ya sa hankalin masana ya koma Amurka ta Arewa, wadda ta fi ko'ina yawan nau'o'i, kuma wadda ta shigo da niyut ɗin Sin masu jan ciki sama da miliyan 2.3 tsakanin 2001 da 2009. A watan Janairun 2016 hukumar kula da kifi da namun daji ta Amurka ta hana shigo da nau'i 201. Tun daga nan ma'aikata suke bin tafkuna da ƙoramu suna goga auduga a fatar dubban salamanda suna kaiwa gwaji, kuma gwajin ɗakin bincike ya riga ya nuna cewa niyut ɗin gabashin ƙasar, wanda ya fi kowanne yaɗuwa a can, yana cikin waɗanda cutar ke kashewa.